Tarihin Likitan Ido: Daga Allurar Mai Yawo Zuwa Ɗakin Aiki

Da wuya a sami garin da ba shi da tsoho ko tsohuwa da ake ja da sanda. In ka tambayi dalili, sai a ce maka tsufa ne. Amma in ka dubi idon da kyau, sau da yawa za ka ga tsakiyar baƙin idon ta yi fari kamar an ɗiga nono. Wannan ita ce yana. Yanar ido ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya. Sai dai makanta ce mai magani.

Mutum biyu ke cewa sun iya maganinta. Na ɗaya shi ne mai yawo kasuwa-kasuwa da allura cikin zabira. Na biyu shi ne likitan ido da ke asibiti. To, wanne ya kamata mutum ya miƙa wa idonsa? Bari mu bi tarihin sana'ar tun daga tushe, kowa ya yi wa kansa hukunci.

Mece ce yana?

Mutane da yawa suna tsammani wata fata ce take rufe ido daga waje. Ba haka ba ne. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan abu mai kama da ƙwayar wake. Garau yake kamar ruwan da ya kwanta. Mu kira shi gilashin ido. Aikinsa shi ne tattara haske, ya kai shi bangon da ke can bayan ido. Daga nan jijiyar gani take kai labari ga ƙwaƙwalwa.

In shekaru suka yi yawa, wannan gilashi yakan gurɓace. Da farko mutum yana gani kamar cikin hazo. Daga baya ba ya rarrabe komai sai dare da rana. Ciwon sukari da bugu a ido su ma suna kawo ta. Akwai kuma jariran da ake haifa da ita. Babu kwalli ko ganye ko maganin ɗigawa da ke wanke gilashin da ya gurɓace. Sai dai a kawar da shi daga hanyar haske.

Zamanin allura

Mutanen da sun gane haka tun da daɗewa. A ƙasar Indiya, littafin wani tsohon masani mai suna Sushruta ya bayyana aikin allura. A birnin Rum ma wani marubuci mai suna Selsus ya rubuta yadda ake yinsa, kusan shekara 2000 da suka wuce.

Ga yadda aikin yake. Mai allura yana soka ta ta gefen farin ido. Yana tura gilashin da ya gurɓace har ya faɗa can ƙasan ido. Nan take haske ya shiga. Majinyaci ya ce: "Na ga hannu! Na ga mutane!" Ƴan kallo su yi ta mamaki, a biya mai allura, ya ɗaure kayansa.

Abin da ke biyo baya shi ne ba a cika faɗi ba. Gilashin yana nan cikin ido, ba a fitar da shi ba. Yana iya fashewa, idon ya kumbura. Yana iya toshe hanyar ruwan ido, jijiyar gani ta mutu. Allurar kuma in ba ta da tsabta, ido ya yi mugunya cikin ƴan kwanaki. Ko an tsira daga waɗannan duka, idon da ba shi da gilashi dishi-dishi yake gani. Kafin ciwo ya tashi, mai allura ya riga ya kai wani gari.

Malaman Bagadaza da Masar

Ilmin ido ya sami babban ci gaba a hannun malaman ƙasashen Musulmi. A Bagadaza an yi wani likita Kirista mai suna Hunaini ɗan Is'haƙ, wanda ya rasu a shekara ta 873. Ya fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci, ya kuma rubuta littafi mai babi goma a kan ido. Wajen shekara ta 1000, Ali ɗan Isa ya rubuta littafin tunatarwa ga masu maganin ido. A ciki ya bayyana cututtukan ido kimanin 130, kowace da alamunta da maganinta.

A wannan zamani ne kuma Ammar ɗan Ali, mutumin Mausil da ya zauna Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki. Da ita yake tsotse yanar da ba ta yi tauri ba, ya fitar da ita waje. A Alƙahira kuwa, Ibnul Haisam ya nuna cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Kafin shi, masana da yawa suna cewa ido ne ke fitar da haske.

Wani abin lura shi ne jarrabawa. A shekara ta 931 wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya ba da umurni kada kowa ya sake yin magani sai an jarraba shi. Babban likita Sinan ɗan Sabit ne ya yi jarrabawar, mutanen da ta shafa kuwa sun fi 800. Daga baya, a ƙarni na 12, wani malami a Sham mai suna Shaizari ya rubuta littafi don mai hisba, wato jami'in da ke sa ido a kan kasuwa da sana'o'i. Ya ce a jarraba masu maganin ido da littafin Hunaini. Wanda ya san yadda ido yake da cututtukansa, a bar shi ya yi aiki. Ya kuma yi kashedi da masu maganin ido na bakin hanya. Kun ga ashe wannan gardama ba yau ta fara ba.

Turai ta bar allura

Turawa ma sun daɗe suna shan wuya a hannun masu yawo. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne wani Baturen Ingila, John Taylor. Yana yawo birni-birni cikin keken doki da aka yi wa zanen idanu. Yana tara jama'a a fili, ya yi aiki, ya karɓi kuɗi, ya wuce. A 1750 ya yi wa wani babban makaɗin Jamus mai suna Bach aiki har sau biyu. Bach ya makance, ya kuma rasu cikin shekarar.

A wannan lokaci akwai wani likita a Faransa, sunansa Jacques Daviel. Shi ma da allura ya fara. Da ya ga yawan idanun da ke lalacewa, sai ya nemi wata hanya. Ya yi ta gwaji a idanun gawawwaki da na dabbobi. A 1747 ya tsaga gefen baƙin ido, ya fitar da gilashin da ya gurɓace gaba ɗaya. A 1752 ya tsaya gaban manyan likitocin Paris ya kawo lissafi. Ya ce ya yi aiki 206, an yi nasara a 182.

Nan ne hanya ta rabu biyu. Mai yawo yana ba da labarin waɗanda suka warke kawai. Daviel kuwa ya ƙidaya har da waɗanda ba su warke ba, ya kuma bayyana dabararsa don wasu su koya. Tun daga nan likitan kirki yake rubuta aikinsa cikin littafi.

Bayan haka aka shiga gina wuraren koyo. A 1805 aka buɗe asibitin ido a Landan, wanda aka sani yau da sunan Moorfields. A lokacin sojojin Ingila sun komo daga yaƙin Masar da mugun ciwon ido. A 1812 jami'ar birnin Viyana, a ƙasar Ostiriya, ta naɗa malami na musamman don koyar da ilmin ido. Sana'ar ta bar bakin kasuwa, ta shiga makaranta.

Ranar da aka leƙa cikin ido

Har zuwa wannan lokaci babu likitan da ya taɓa ganin bayan idon mai rai. In ka leƙa tsakiyar ido, duhu kawai kake gani, kamar mai leƙa rijiya da dare. A 1851 wani malamin Jamus, Helmholtz, ya bayyana wata ƴar na'ura da ya haɗa da gilasai. Tana jefa haske cikin ido, likita kuma yana kallo ta hanyar da hasken ya bi. Sai ga jijiyar gani da hanyoyin jini a fili.

Gani ya kori ji. Daga ran nan likita ya iya rarrabe makantar yana da makantar jijiya. Wannan babban abu ne, don in jijiya ta mutu, cire yana ba ya komo da gani. Mai allura ba shi da hanyar sanin haka.

Sauran kayan aiki suka biyo baya. A 1862 Snellen, likita a ƙasar Holan, ya fito da allon gwajin gani mai manyan baƙaƙe a sama da ƙanana a ƙasa. Daga baya aka yi allon da ba ya bukatar karatu. Alama ɗaya ce mai ƙafa uku, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. A 1867 Lister a Biritaniya ya nuna cewa tsabtace hannu da kayan aiki da magani yana hana rauni ruɓewa. A 1884 wani saurayin likita a Viyana, Koller, ya gano maganin da in an ɗiga a ido ba a jin zafi. Ya fara gwada shi a idon kwaɗo, sannan a nasa idon. Kafin wannan, ƙarti ne ke danne majinyaci ana yi masa aiki. A 1911 Gullstrand na ƙasar Suwidin ya ƙera fitila mai siririn haske, wadda daga baya aka haɗa da madubin likita. Ita ce na'urar da kake ɗora haɓa a kanta in ka je asibitin ido.

Sabon gilashi

Saura matsala guda. In an cire gilashin ido, sai mutum ya sa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Dattawanmu sun san irinsa. In ya fashe ko ya ɓace, mutum ya koma lalube.

Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya warware wannan. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya lura da matuƙan jiragen yaƙi da aka harba. Ɓarɓashin robar tagar jirgi yakan shiga idonsu, ya zauna shekaru, idon bai kumbura ba. Sai ya ce ashe ido ba ya ƙin wannan roba. Ran 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas na Landan, ya sa wa wata mata gilashin roba cikin ido. Likitoci da yawa suka yi ta sukarsa shekara da shekaru. Sannu a hankali aka gyara siffar gilashin, har kowa ya yarda. Da farko tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Cikin shekarun 1990 aka kafa masana'antunsa a Indiya da Nepal da Eritiriya, kuɗinsa ya sauko ƙwarai.

Labarin ya iso ƙasashenmu

Wannan Ridley ya taɓa zama a Afirka ta Yamma. A lokacin yaƙi aka turo shi ƙasar da ake kira Gana yau. Ya tafi arewacinta, garin Funsi, ya duba idanun masu makantar kogi, ya buga abin da ya gani a 1945. Wannan cuta tsutsa ce ke kawo ta. Wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu shi ke ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum.

A 1943 ƴan mishan suka buɗe asibitin ido a Kano. A 1953 aka kafa cibiyar ilmin ido a Bamako, wadda ake kira IOTA. Ta horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ido daga ƙasashe da yawa masu aiki da Faransanci, har da Nijar. Cikin shekarun 1970 jami'ar Yamai ta fara koyar da aikin likita a gida.

A 1974 ƙasashe bakwai, da Nijar a cikinsu, suka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya don yaƙi da makantar kogi. A lokacin, a ƙasarmu cutar tana kudu maso yamma, wajen rassan kogin Isa. Jirage suka riƙa zuba magani a ruwa don kashe ƴaƴan ƙudan. Daga 1987 aka sami ƙwayar magani mai suna Mectizan, ana raba ta kyauta a ƙasashen da cutar take. A watan Janairu na 2025 Hukumar ta shaida cewa Nijar ta tsayar da yaɗuwar wannan cuta. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta sami wannan shaida.

Akwai kuma amosanin ido, wanda ya daɗe yana wahalar da ƙauyukan Damagaram da Maraɗi da Difa. Yana kama yara, ƙuda da hannu da tsumma suna yaɗa shi. In ya yi ta komowa, fatar ido takan lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido har ya yi hakiya. Likitoci ba su da yawan da za su kai kowane ƙauye. Don haka suka koya wa ma'aikatan jinya aikin gyara fatar ido. Ana jarraba su kafin a sake su.

Shekara nawa ake karatu?

Yanzu mu ƙidaya. Yaro yana yin shekara 6 a makarantar firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Shekara 13 ke nan. Sannan ya shiga karatun likita, shekara 7 ko 8. A nan yake koyon jikin mutum duka, don cutar jiki tana taɓa ido. Bayan ya zama likita, sai ya ƙara kamar shekara 4 a kan ido kaɗai, a Bamako ko Dakar ko wani wurin. In ka tara, ya kai shekara 24 ko fiye. Yaron da aka haifa ran da ya shiga makaranta ya isa aure kafin shi ya gama.

Ba a ba ɗalibi wuƙa ran farko. Yana fara duban marasa lafiya tare da malaminsa. Yana koyon ɗinki da zaren da ya fi gashin kai siranta, yana kallo ta madubin likita. Yana gwada hannunsa a idon akuya ko tunkiya da aka samo daga mahauta. Bayan haka ya tsaya kusa da malami yana miƙa kayan aiki. Daga nan a bar shi ya yi mataki ɗaya na aikin, malami ya ƙarasa. Sai ya ƙware a wannan kafin a ƙara masa wani. Kowane aiki da ya yi ana rubutawa. A ƙarshe manyan malamai su jarraba shi, kamar dai yadda aka yi a Bagadaza shekara fiye da 1000 da suka wuce.

Aikin yini

Ranar duba marasa lafiya, tun da sassafe layi ya yi tsawo. Ma'aikacin jinya yana gwada ganin kowa da allo, ido ɗaya bayan ɗaya. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Ya haska fitila, ya juya fatar ido, ya auna ƙarfin ruwan ido. In akwai bukata ya ɗiga maganin da ke buɗe tsakiyar ido don ya ga baya. Wani tabarau kawai yake bukata. Wani maganin ɗigawa. Wani kuma a ba shi ranar aiki.

Wani lokaci aikin likita shi ne faɗin gaskiya mai ɗaci. Akwai cutar da ake kira hawan jinin ido. Ruwan ido ne ke taruwa yana danne jijiya. Sau da yawa ba ta da zafi, tana cin gani daga gefe ba a sani ba. Abin da ta cinye ba ya komowa. Likita yana iya tsare abin da ya rage in an zo da wuri. Ba zai yi maka alkawarin abin da ba ya yiwuwa ba.

Ranar aiki kuwa, ana dafa kayan aiki cikin tukunyar tururi. Likita ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar hannu. Ana kashe zafin ido da allura ko da ɗigo, majinyaci yana farke, yana jin magana. Likita ya yi ƴar ƙaramar kafa a gefen ido, ya fitar da gilashin da ya gurɓace, ya sa na roba a gurbinsa. A hannun gwani abin ba ya cika wuce minti 20. Washegari a buɗe bandeji. Sai kuma a ba da maganin ɗigawa da ranar komowa. Wanda ya yi aikin yana nan, in wani abu ya taso ka san inda za ka same shi.

Hukunci

Kada wani ya ce wannan maganar ƴan boko ce kawai. An ƙidaya. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a Najeriya, maƙwabciyarmu. Cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 masu allura ne suka taɓa su. Cikin waɗannan kuma, kimanin 7 cikin 10 an same su a makance.

Me ke kai mutane wurin mai allura? Asibiti yana da nisa. Kuɗin mota da na aiki suna da nauyi. Ga tsoro, ga kuma rashin mai rakiya, musamman ga tsofaffin mata. Waɗannan dalilai ne na gaske. Amma ido biyu kawai Allah ya ba mutum, ba a sayar da na uku a kasuwa. Idon da yana ta rufe yana iya jiran wata biyu ko uku kafin a tara kuɗi. Idon da allura ta ɓata, sau da yawa ko likita ba ya iya gyara shi.

Saboda haka, ƴan uwa, in akwai mai yana a gidanku, ku kai shi gidan likita mafi kusa, a nuna muku inda ake aikin ido. Ku tambayi lokacin da likitocin ido ke fitowa rangadi. Ƴaƴa da jikoki su haɗa kuɗi bayan kaka, kamar yadda ake haɗawa don biki. Kada a zuba wa ido ruwan ganye ko toka ko fitsarin dabba. A wanke wa yara fuska kullum, a kai su allurar rigakafin ƙyanda. Wanda ya wuce shekara 40 ya je a auna idonsa ko ba ya jin ciwo.

Ku da kuka koyi karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Tsohon da ya sake ganin gonarsa ya huta da sanda, yaron da ke jan sa kuma ya sami damar zuwa makaranta.